Koyon Kiɗan Jita da Tsara Waƙa: Shawara ga Ɗan Koyo

Sau da yawa mu kan shiga ɗakin wani saurayi mu tarad da jita rataye a jikin bango, ƙura ta lulluɓe ta, tsirkiya ɗaya ta tsinke ta nannaɗe. In muka tambayi mai ita labari, sai ya yi murmushi ya ce ai ya gwada, ya ga abin ba rabonsa ba ne. Kuɗi sun tafi, marmari ya mutu, waƙoƙin da ke cikin ransa kuwa ba wanda zai ji su har abada. Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ya ke faruwa ba. Sa'ad da kamfanin Fender na Amurka, wanda ya yi suna wajen ƙera jita, ya buɗe makarantar koyarwa ta intanet cikin 2017, shugabanninsa sun ce bisa ga lissafinsu, cikin mutum 10 da suka fara koyo, 9 su kan bari tun shekara ba ta zagayo ba.

To, me ke kawo haka? A ganinmu, ba rashin baiwa ke korar yawancinsu ba. Gaggawa ce, da rashin tsari, da kuma jiran sai an ƙware tukuna a fara tsara waƙa. Abin da mu ke so mu nuna a nan shi ne, wanda ya ɗauki abin kaɗan kaɗan, a hankali, kowace rana, yana kasa kunne ga abin da hannunsa ke yi, yana kuma ƙaga 'yan waƙoƙinsa tun daga watan fari, lalle zai ga ci gaba. Ga yadda a ke yi.

Sanin kayan aiki

Jita 'yar'uwar molo ce, da garaya, da gurmi, da kuntigi, gama duk dokarsu ɗaya. Tsirkiya ce a ke ɗaurewa a kan abu mai rami, in an taɓa ta sai ta yi rawa, ramin ya ƙara mata amo. In tsirkiya ta gajarta, ko ta ƙara ɗauri, ko ta zama siririya, sautinta ya kan hau sama. In ta yi tsawo, ko ta saki, ko ta yi kauri, sai ya sauko ƙasa. Siffar jitar katako da mu ke gani yau, wani maƙeri ne na ƙasar Sifaniya, Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892, ya daidaita ta. Dā da hanjin dabba a ke yin tsirkiyoyin irin wannan jita, sai cikin shekarun 1940 aka koma ga nailan. Akwai kuma mai tsirkiyar ƙarfe, ita ta fi amo, ta kuma fi cizon yatsa.

Tsirkiyoyinta 6 ne. Siririyar da ta fi kusa da ƙasa in ka rungumi jitar, ita ce ta ɗaya, mai kaurin da ke sama ita ce ta shida. Daga ta shida zuwa ta ɗaya, sunayen sautinsu su ne E, A, D, G, B, E. A jikin wuyan kuwa an gitta waɗansu ƙananan ƙarafa, waɗanda za mu riƙa kira matakai, ana ƙirga su daga wajen kai. In ka danne tsirkiya a wani mataki, gajarta ta ka yi. Mataki na 12 shi ne daidai rabin tsawonta, saboda haka sautin da zai fito a can shi ne na farko ya komo, amma da siririyar murya, kamar yaro da babba su rera waƙa ɗaya tare.

Kada ka taɓa fara kiɗa ba ka daidaita tsirkiyoyi ba, gama kunnen da ya saba da karkataccen sauti wuyar gyara gare shi. Yanzu akwai ma'auni cikin wayar hannu wanda zai nuna maka ko ka kai ko ka wuce, ba laifi ka yi aiki da shi. Amma ka koyi hanyar kunne kuma. Danne ta shida a mataki na 5, sai ta yi daidai da ta biyar a sake. Haka za ka yi tsakanin ta biyar da ta huɗu, da tsakanin ta huɗu da ta uku. Ta uku ita kaɗai a mataki na 4 a ke danne ta, ta ba ka ta biyu. Sa'an nan ta biyu a mataki na 5 ta ba ka ta ɗaya.

Wani abu kuma da ke karya zuciyar masu koyo ba su sani ba, shi ne jita mai tsirkiya nesa da wuya. Auna ratar a mataki na 12. In ta wuce wajen milimita 3 a ta ƙarfe, ko 4 a ta nailan, to, wahalar banza ka ke sha, kai ta wurin wanda ya iya gyara ya sauko da ita. Ka kuma kiyaye ta da iskar hunturu, gama bushewa ta kan tsaga katako. Ajiye ta cikin jakarta, nesa da rana da murhu, ka riƙa share tsirkiyoyi da tsumma in ka gama, don gumi da laimar damina su ke sa tsatsa.

Horon yatsu

Ba za mu ɓoye maka ba, makonnin fari akwai zafi. Bakin yatsun hannun da ke dannewa zai yi ja, ya yi tsami, sai bayan 'yan makonni fata ta yi kanta zafin ya ragu. Maganinsa a yi kaɗan kullum. Minti 15 ko 20 kowace rana sun fi sa'a 3 a rana guda cikin mako nesa ba kusa ba, gama jiki da ƙwaƙwalwa su kan ƙulle abin da aka koya ne a tsakanin zama da zama, musamman lokacin barci. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. Amma fa a rarrabe. Tsamin bakin yatsa al'ada ce, ciwon wuyan hannu ko na gaɓa kuwa alama ce ta riƙo mara kyau, in ka ji shi ka tsaya ka gyara zama.

Yanke faratan hannun da ke dannewa. Danna da tsinin yatsa, dab da bayan ƙarfen mataki, kada a kansa, kada kuma nesa da shi. Babban yatsa ya zauna a bayan wuya yana tokarewa. Yawancin masu koyo su kan matse wuyan kamar sun kama ɓarawo, alhali ƙarfi kaɗan ya isa. Gwada ka gani. Ɗora yatsa a kan tsirkiya sakwa-sakwa kana bugawa, kana ƙara ƙarfi a hankali, har sauti ya fito tas. To, iyakar ƙarfin da a ke bukata ke nan, abin da ya wuce haka gajiya ce kawai.

Wanda ya ke ganin yatsunsa gajeru ne, ko masu kauri, ya tuna da Django Reinhardt, makaɗin da aka haifa a Beljiyam cikin 1910, ya yi zamansa a Faransa. Cikin 1928 gobara ta ƙone masa hannun hagu, yatsu biyu na ƙarshe suka shanye. Bai bari ba. Ya sake koyo daga fari, ya ƙago hanyar da zai bi wuyan jita da yatsu biyun da suka rage, har ya zama ɗaya daga cikin manyan makaɗan jita da duniya ta sani.

Haɗin sauti da riƙon bugu

In aka buga sauti uku ko fiye tare suka dace da juna, shi ne za mu kira haɗi. Fara da mafi sauƙi, watau Em. Danne ta biyar da ta huɗu a mataki na 2, ka buga duka shidan. Sai Am: manuni a kan ta biyu mataki na 1, yatsan tsakiya a kan ta huɗu mataki na 2, mai bi masa a kan ta uku mataki na 2, ka bar ta shida. Daga nan in kana son C, yatsa ɗaya tak za ka ɗaga, watau na ukun, ka kai shi kan ta biyar mataki na 3, sauran biyun su zauna inda su ke. Ka ga dabarar? Kullum kafin ka sauya haɗi, duba wane yatsa ne ba sai ya motsa ba, ka bar shi ya zama turke. In ka ƙara G da D a kan waɗannan uku, kana da haɗi 5, da su kuwa a ke kaɗa waƙoƙi masu ɗimbin yawa.

Riƙe haɗi ɗaya ba wuya, sauyawa ita ce aiki. Ɗauki biyu kaɗai, ka yi ta kai da komo tsakaninsu minti ɗaya, ka ƙirga sau nawa ka sauya sauti na fita tas, ka rubuta a littafi da kwanan wata. Bayan mako biyu ka duba. Wannan lissafi shi zai riƙe ka ranar da zuciya ta ce maka ba ka ci gaba, gama ci gaban yau da gobe ba ya ganuwa ga mai shi, kamar tsawon yaro ga uwarsa.

Ga kuskuren da ya fi kowane yawa. Ɗan koyo ya kan kaɗa inda ya iya da gudu, in ya zo wurin mai wuya ya tsaya ya lallaɓa, sa'an nan ya sake zabura. Wanda ya yi haka sau ɗari, tuntuɓen ya koya wa hannunsa. Abin yi shi ne ka rage saurin waƙar duka, har wurin mai wuya ya wuce ba tsayawa. Akwai wani agogon kiɗa da a ke kira metronom, wanda wani Bajamushe, Johann Maelzel, ya yi wa rajista cikin 1815, yanzu kuwa ana samunsa cikin waya. Sa shi bugu 60 a minti, watau ɗaya kowace daƙiƙa, ka sauya haɗi bayan kowane bugu huɗu. In ka yi sau uku a jere ba kuskure, ƙara 4 ko 5. In ka yi tuntuɓe, koma baya. Hannun da ke bugawa kuwa kada ya tsaya ko da ɗayan bai iso ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu kalangu ya sani, jama'a su kan yafe sautin da ya kauce, amma in bugu ya karye rawa ta watse.

Horon kunne

Littafi da hoton bidiyo za su nuna maka inda za ka sa yatsa, amma kunne shi ne malamin da ba ya rabuwa da kai. A nan kuwa mu mutanen wannan yanki muna da wata sa'a. Yawancin kaɗe-kaɗen ƙasar Hausa da na maƙwabtanta a kan sauti 5 aka gina su. Tsirkiyoyin jita kuwa in an buga su a sake, E, G, A, B, D su ke bayarwa, tsani ne cikakke mai hawa 5. Hau shi haka: ta shida a sake sai mataki na 3, ta biyar da ta huɗu da ta uku kowace a sake sai mataki na 2, ta biyu da ta ɗaya a sake sai mataki na 3. In ya zauna maka a hannu, ɗauki wata waƙar dandali ko ta reno da ka sani tun kana yaro, ka rera gaɓa ɗaya, ka neme ta a wuyan jita har ka same ta, sa'an nan ta gaba. Ranar fari zai ɗauke ka lokaci. Bayan wata uku za ka ga yatsa yana zuwa wurin tun ba ka aike shi ba.

Ta wannan hanya manyan makaɗan jita na Sahara suka taso. Mdou Moctar, Buzu ne daga jihar Tawa a Nijar, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta fari, ya koya wa kansa da kunne. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na fari cikin 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, har suka kai shi ƙasashen Turai da Amurka. Rashin kayan kirki bai hana shi ba.

Tsara waƙa

Yanzu sai mu zo ga rabi na biyu, wanda yawanci a kan jinkirta. Ɗan koyo ya kan ce, bari in iya kiɗa tukuna. Mu kuwa muna cewa, ranar da ka iya sauya haɗi biyu, ka isa tsara waƙa. Elizabeth Cotten, wata baƙar fata ce ta jihar Karolina ta Arewa a Amurka, bahaguwa ce, sai ta juya jita ta kifa ta, tsirkiya mai kauri ta koma ƙasa, ta koya wa kanta a haka. Tun tana yarinya ta tsara waƙa a kan jirgin ƙasan da ta ke jin wucewarsa kusa da gidansu. Ta yi shekaru masu yawa ta ajiye kiɗa tana aikatau, faifanta na fari bai fito ba sai cikin 1958, ta sami lambar Grammy cikin 1985, ta rasu cikin 1987. Waƙar nan ta ƙuruciya kuwa ita ce ta fi ɗaukaka sunanta, masu koyon jita da yawa da ita su ke fara horon yatsu.

Abin lura a labarinta shi ne abin da ta zaɓa ta yi wa waƙa. Abin da kunnenta ke ji kullum ta ɗauka. Haka marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu cikin 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota da sauran talakawa masu neman abinci waƙa, manya da yara suka saurara. Saboda haka kada ka fara da duniya duka. In kewar gida ke damunka, kada ka tsaya ga cewa kana kewa, gama kowa ya faɗi haka. Faɗi abin da ka ke tunawa: hayaƙin kara da magariba, ko ƙarar taɓarya da asuba, ko inuwar da tsohonka ke shimfiɗa buzu. Mai sauraro da kansa zai ji kewar. Ajiye ɗan littafi a aljihu, in ka ji wata magana mai daɗi a kasuwa ko a tasha, ka rubuta ta kafin ta gudu.

Ginin waƙa ba baƙo ba ne gare mu. Nemi amshi tukuna, watau magana ɗaya gajeriya wadda ta ɗauke ma'anar waƙar duka, wadda mutum zai iya kamawa a ji na biyu. Sa'an nan ka yi baiti biyu ko uku, kowane ya kawo sabon abu, ya komo ga amshi. Amsa-amo ado ne mai kyau, amma kada ka karkatar da magana don neman sa. Gara ɗango mai ma'ana da bai amsa ba, da wanda ya amsa ba ya cewa kome.

Akwai kuma wata doka da ta shafi mai waƙa da Hausa, wadda littattafan koyon jita na ƙasashen waje ba za su gaya maka ba. Gaɓoɓin Hausa iri biyu ne, akwai mai nauyi, akwai sassauƙa, mai nauyi kuwa ta kan ci kamar lokacin sassauƙa biyu. Dubi kalmar gari. In ga ɗin gajere ne, wurin zaman mutane ke nan, in ka ja shi, ya zama abin tuwo. Wanda ya ɗora dogon sauti a kan gajeriyar gaɓa, sai ya yi niyyar yabon garinsu ya ɓuge da yabon garin dawa. Ban da wannan akwai hawa da saukar murya. In ka ce kuka murya ta tsaya sama a gaɓa biyun, na hawaye ne, in ta fara sama ta faɗo, itaciya ce. Wannan hawa da sauka shi ya sa kalangu ke iya magana. Mawaƙa ba kullum su ke bin hawa da sauka sau da ƙafa ba, amma nauyin gaɓa ba safai su ke saɓa masa ba.

Saboda haka in ka ɗauko karin waƙar wani harshe ka cusa masa kalmomin Hausa da ƙarfi, sau da yawa sai ka ji maganar ta karye kamar ta baƙo. Hanya mafi kyau ita ce ka fara da magana. Faɗi ɗangon da ƙarfi sau goma, yadda za ka faɗa wa abokinka. Tafa hannu a kan gaɓoɓinsa, ka ji inda ya ja da inda ya gajarta. Sa'an nan ka ƙara jan hawansa da saukarsa kaɗan kaɗan, har magana ta rikiɗe ta zama rerawa. Sai a ƙarshe ka nemi haɗin da zai zauna ƙarƙashinta. Sau da yawa Em da Am, ko Em da D, sun isa.

Koyon waƙoƙin waɗansu wajibi ne, gama da su a ke gane yadda a ke gini. Warware wadda ka ke so, ka ƙirga ɗangoginta, ka duba inda amshi ke shigowa, da inda murya ta kai ƙololuwa. Amma abin wani na wani ne, in ka ari kari ka faɗi mai shi. Abu na ƙarshe kuwa, ka riƙa gamawa. Waƙoƙinka 10 na fari ba za su yi kyau ƙwarai ba, kada wannan ya dame ka, da rarrafe yaro kan tashi. Gamammiya mai rauni ta fi koya maka abu bisa ga guntaye 20 da aka bari a hanya. Ɗauki muryarka a waya, ka bari ta kwana biyu, ka saurara kamar ta wani ce. Sa'an nan ka rera wa mutum ɗaya mai gaya maka gaskiya, ka tambaye shi wane ɗango ya tuna, a ina kuma hankalinsa ya tafi wani wuri.

Tsarin rabin sa'a

Ga yadda mu ke ba da shawara a raba minti 30 na kowace rana. Minti 5 na daidaita tsirkiya da hawan tsanin nan mai sauti 5. Minti 10 na sauya haɗi tare da agogon kiɗa. Minti 10 na neman wata waƙa da kunne. Minti 5 na ƙarshe kuwa na taka waƙar ne, ko da ɗango ɗaya za ka ƙara. Tsai da lokaci guda wanda ba ka saɓawa, ka kuma sa wa kanka sharaɗin gama waƙa ɗaya kowane wata. In rana ta kuɓuce maka, kada ka ce za ka rama da ninki, ci gaba kawai washegari.

Wanda ya riƙe wannan shekara guda, zai sami sa'a sama da 180 a hannunsa, da waƙoƙi 12 a littafinsa, cikinsu kuwa da wuya a rasa ɗaya ko biyu da za a so a sake ji. Masu iya magana sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. To, wanda tasa jitar ke rataye a bango, ya sauko da ita yau, ya kakkaɓe ƙurar, ya sayi tsirkiya ya ɗaura, ya fara da Em. Allah ya ba da sa'a.